Hamidu Sannu-Sannu, direban hanyar Hawandawaki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita lakwal, wato makaranta, da safen nan ƙanena ya bugo mini waya daga gida, wai Hamidu Sannu-Sannu ya rasu jiya da la'asar a hanyar Hawandawaki.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai tsohuwar motar nan da ke kwasar mutanen ƙauyukanmu zuwa Tasawa ranar kasuwa. Lokacin da nake koyarwa a can, motarsa ce ƙafata.

Mu muka laƙaba masa Sannu-Sannu, kuma ba mu zalunce shi ba. Na rantse wata rana jaki ya wuce mu, har mai jakin ya waiwayo ya yi mana sannu da hanya. Muka dinga yi wa Hamidu tsiya daga bayan mota. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ku bar shi shi wuce. Shi albasa ya ɗauko, ni ko ɗiyan mutane."

Ga tsaye-tsaye! In ya hango makiyayi a rana sai ya miƙa masa jarkar ruwa. Maganin hawan jinin mahaifiyata shi ke karɓo mata a Tasawa, ya kai har ƙofar ɗaki, ya zauna ya sha fura hankali kwance, mu muna waje muna gasuwa.

Amma abin da kowa ya san shi da shi, ba ya wuce motar da ta kafe a rairayi. Direbobin daji sun san in taya ta nutse, kara ake shimfiɗa mata ta taka ta fito. To, damina ta yi gardama, ɗan karan da aka samu an kwashe wa dabbobi, gonaki fayau. Sai Hamidu ya ɗaure tsofaffin zana da shebur a saman motarsa, ba ya rabuwa da su. Tun da sojoji suka karɓi mulki esansi, wato fetur, ya yi tsada, wasu direbobin sai su kau da kai su wuce. Hamidu kam sai ya tsaya, ya sauke mu duka mu tura.

Na taɓa tura motar mutanen da ban sani ba da sabuwar shaddata. Ina turi ina mita, shi yana dariya.

Jiya ma hakan ce. Wani kamiyo, babbar motar kaya, shaƙe da buhunan dusa ya kafe a gangare. Hamidu ya durƙusa yana haƙa gindin taya, rairayin ya zame, kamiyon ya kwanto a kansa. Asibiti da nisa, waya ba rezo balle a kira taimako. Kafin a isa da shi rai ya yi halinsa.

Ganina da shi na ƙarshe a tashar Tasawa ne, hutun da ya wuce. Ina sauri, na saci jiki zan hau kabu-kabu, ashe yana kallona. Ya gutsiri goro, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, gudu na kake ko? Tahi abinka. In kun kahe ku zamna nan, ina bayanku."

Haka duk muke bin hanyar nan gaba gaɗi, don mun san yana baya. Yau babu shi, kuma wallahi abin ya yi mini zafi.

Allah ya jiƙanka Hamidu, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Allah ya ba iyalinka haƙuri, ya raya abin da ka bari, ya tsare matafiya duk inda suke.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Musamman ku da ya taɓa tonowa daga rairayi, na san kuna da yawa a nan.