Katangar Malam Baifaket

Duk unguwa babu mai tuna sunansa na yanka. Malam Baifaket, shi ke nan. Malamin Turanci ne a sakandare, irin waɗanda ba sa ce maka "zo" sai sun ɗauko kalmar da za ta sa ka zufa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan. Sai ya zana bishiya a allo, ya ƙwanƙwasa alli daidai inda ta yi rassa, ya ce, "Wannan shi ne baifaket! Ba fasawa ba ne, ba yankewa ba. Abu ɗaya ya yi reshe biyu, saiwa tana nan ɗaya. Kalmar manya ce, ba a faɗinta a bakin kasuwa."

Ina ma ya ji nasa wa'azin.

Gidan da mahaifinsu ya bari, shi da ƙanensa tela ne a ciki. Iyali sun yi yawa, ƙofa ɗaya, masu karɓar ɗinki na shiga na fita, Malam kuma yana fama da duba jarrabawa. Ran nan ransa ya ɓaci, ya tsaya ƙarƙashin lemon da mahaifiyarsu ta shuka a tsakar gida.

"Gidan nan dole a yi baifaket ɗinsa."

Tela ya zare zare daga baki. "A yi me, Yaya?"

"Je ka tambaya. Da ka tsaya a makaranta ai da ka sani."

Kaico! Ƙofa ta biyu kawai Malam yake nufi, kowa da tasa, tsakar gida ɗaya. Da Hausa me zai ci masa? Amma girman kai rawanin tsiya. Tela kuwa ya je ya tambaya. Wani akawu da yake yi wa ɗinki ya ce masa, "Raba biyu ke nan."

Malam ya tafi kwas. Da ya dawo ya tarar da katangar bulo ta ratsa gidan, an sare lemon saboda ya tare mata hanya, tela ya fasa ƙofarsa ta layin baya. Malam ya buɗe baki zai ce ba haka yake nufi ba, ya ga matar tela na kallonsa, sai ya haɗiye. "Madalla," ya ce.

A haka suka tsufa. Gaisuwa sai an haɗu a hanya. Malam yana jin ƙarar keken ɗinki ta bayan katanga, ya san lokacin da ƙanensa ke hutawa, ya san ranar da tari ya kama shi. Abin yana cin ransa, wallahi. Ya shirya maganar da Hausa tsantsa, kullum gobe zai zagaya.

Wani hantsi keken ya tsaya a tsakiyar ɗinki. Sai muryar matar tela: "Yaya! Yaya, zo!"

Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Malam ya dafa katanga, tsufa ya hana shi hawa. Ya fita babu takalmi, ya wuce shagon magani, ya wuce mai faci, ya sha kwana yana haki. Kafin ya isa an rufe wa ƙanensa fuska.

Ya durƙusa ya kama hannun, akwai guntun zare maƙale a yatsa.

"Ƙofa nake nufi," ya ce. "Ƙofa kawai."

Matar tela ta zaci iska yake so. Ta share hawaye, ta tashi ta buɗe ƙofar.