Daminar da Aka Ce Na Ruɗe

Shekarar da mijina ya rasu, tun Nasara ba su iso ƙasar nan ba, gonata ta hanyar Tsauni ta yi geron da rumbu ya kasa ɗauka. Ubana ya bar mini ita, ba gadon miji ba ce. Sai ga ɗan ƙanen mijina, mai awon hatsi a kasuwar Matamaye, tausayina ya kama shi. Yaron da ko lomar tuwo bai taɓa aiko mini ba. Ya je gaban alƙali, wai tsufa ya ruɗa ni, a ba shi riƙon gonar.

Shaidunsa biyu duk sun girme ni. Ɗaya ya ce ya ji ina magana ni kaɗai a gona. Alhali awakin shi mai shaidar nake zagi. Ɗayan kurma ne. Da aka tambaye shi, ya ce amin.

Na buɗe baki, alƙali ya ɗaga hannu. "Inna, wanda ake shakkar hankalinsa ba ya shaidar hankalinsa."

"Allah gafarta Malam, to na wa zan aro?"

"Kun ji ko?" in ji yaron. "Haka take yini."

Aka yanke: gona a hannunsa, ci da sutura da wurin kwanana a wuyansa, maganata kuma ba abar kamawa ba ce. Wannan na ƙarshen na riƙe shi da kyau.

Na naɗe tabarmata na tare gidansa. Ranar kasuwa na bi shi, na shimfiɗa ta dab da tulin geronsa.

"Jama'a, tiya biyu gare shi! Babbar ta saye tana ƙarƙashin buhu, ƙaramar ta sayarwa ga ta nan."

"Inna, don Allah ki rufa mini asiri."

"Kai ɗan wane ne? Ni fa ba na gane mutane."

Ya kai ƙarata. Alƙali ya ce ba a hukunta ruɗaɗɗe. Kasuwa ba ta sake ci babu ni ba. Har surukansa da suka zo gaisuwa na faɗa musu inda yake yini in ya ce ya tafi Dawce.

Kafin ruwan shuka ya koma gaban alƙali da shaidun nan nasa. Na farko ya rantse duk Matamaye babu mai hankalina. Kurman ya ce amin.

Aka mayar mini da gonata. Shi ya ɗauko mini tabarmar har ƙofar gida, yana sauri, ina binsa a baya ina faɗa masa ya riƙe ta daidai.