Matar da Ta Buge Hannun Mai Aski

Kafin masu shara su gama da baranda, Kafaffiya ta riga ta buɗe ɗakinta, wannan ɗan ƙuƙumin da ke maƙale da sito a ƙarshen asibiti. Takan kunna na'urar hoton jijiya, sannan ta cusa robar man shafawa a hammatarta don ya ɗan yi ɗumi kafin ya taɓa wuyan tsofaffi. Haka ta yi ta yi har furfura ta cim mata a ɗakin. Sunan kuwa abokan aiki ne suka laƙaba mata, ba don yabo ba. Wai idan ta ga abu a wuyan mutum ba ta barin kowa ya sha ruwa.

To, me ake so ta yi? Jijiyoyin wuya su ke kai jini ƙwaƙwalwa. Kitse kan daskare a bangonsu ya yi tudu a hankali. Mugun cikinsu shi ne wanda jini ya tsattsafo a cikinsa, don yana kumbura da sauri, rana ɗaya ya fashe, ɓarɓashinsa ya haura ya toshe hanya. Sai a ji an ce wane ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, alhali jiya ma an gan shi garau.

Wani direban motar 'yan makaranta ya zo mata da ƙorafin cewa idonsa na hagu ya yi duhu kamar an saki labule, ya kuma washe. Ta ɗora na'ura, ta ga tudun da ta auna masa bara ya ƙaru, ga wani baƙin tabo a tsakiyarsa. Likita ya duba ya yarda da ita, ya tura shi babban hoto, aka tabbatar jini ne, aka sa ranar tiyata, aka kuma hana shi tuƙi.

Nan 'yan uwa suka yi caa. Yayansa ya ce mutumin da ke tafiya da ƙafarsa ne za a yanka wa wuya? Gajiya ce kawai, matar nan mugun baki gare ta. Suka kwashe shi suka tafi. Ranar tiyata aka kira shi, shiru. A ofis aka ce ai ba a yi wa baligi dole, aka wuce na gaba, ko a jikinsu. Ni dai wannan “ba dole” ɗin har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Kafaffiya ce ba ta yarda ba. Da ta tashi aiki da la'asar, da ciwon gwiwarta, ta bi tashar mota tana tambaya har aka nuna mata shagon aski. Ga direba a kujera, ya lumshe ido, makullin mota a cinyarsa. An gama aski, mai askin yana yi masa ƙarin da yake yi wa tsofaffin abokan ciniki: ya dafa babban yatsa a gefen wuya yana murzawa da ƙarfi, daidai kan tudun nan.

Ba ta yi sallama ba. Ta buge hannun har kwalbar mai ta faɗi.

Mai aski ya tashi zai yi rashin kunya, ta ce ya zauna, ba da shi take ba, bai san abin da ke ƙarƙashin yatsansa ba. Ta juya kan direba.

“Malam, idan ranka ya ishe ka, naka ne. Amma gobe da safe 'ya'yan wa za ka ɗauka?”

Direban ya dubi makullin ya daɗe, sannan ya miƙa mata. Ta jefa a jaka ta ce a asibiti zai karɓa. Ya zo kuwa, aka kankare jijiyar, ya warke.

Ladanta? Yayan ya kai ƙara cewa ta ci mutuncin ƙaninsa a bainar jama'a, aka kira ta ofis aka ja mata kunne. Makon jiya ta yi ritaya. Ba taro, ba jawabi, ko ruwan sanyi ba a ba ta ba. Mai kula da sito ne ya zo karɓar makullin ɗakinta, yana auna ɗakin da ido don kwalayensa sun yi masa yawa. Ba a ɗauki wanda zai gaje ta ba. Allah wadaran wannan butulci!

Direban ne ya zo ya ɗaukar mata kwalinta, da tabonsa a wuya. A bakin ƙofa ya ce, “Anti, kin ce jijiyar dama ma a riƙa dubawa. Yanzu wa zan nema?”

Kafaffiya ta waiwaya ta dubi ɗakin da za a mayar sito.

Mun gode, uwar kafiya, mai ɗumama mai a hammata. Allah Ya saka miki da abin da mutane suka hana ki. Ku kuma matasan da ke koyon wannan aiki, ku koyi na'urar, ku koyi taurin kan. Masu ofis, ɗakin nan ba sito ba ne, ku buɗe shi ku zaunar da mutum. Direban nan yana nan yana ɗaukar yara kowace safiya, kuma har yanzu ba wanda ya amsa masa tambayarsa.