Fatar da Na Ƙara a Takalmin Hagu

Gyaran takalmi ne sana'ata, kuma shekara da shekaru rumfata tana gindin darbejiyar da ke kan hanyar filin ƙwallo a Garwa. Wanda ya zauna a irin wannan wuri, ko bai so ba sai ya zama masanin ƙwallo. Ni kuwa na so. Ina da baki, ina da saurin fushi, kuma ban iya barin magana ta wuce ni ba.

A shekarun da 'yan wasan ƙasarmu suka dawo daga gasar kofin duniya ta Italiya da suna, kowane uba ya fara duban ƙafar ɗansa. An zaftare albashi, an sallami mutane daga aiki, masu takardar makaranta suna zaune a gida. Ƙwallo ce ƙofar da ta rage. Duk shekara wata ƙungiya a garin takan tara samari daga unguwanni da ƙauyuka ta gwada su, ta liƙa sunayen waɗanda ta zaɓa a ƙofar fili. Bayan wata guda a sake tacewa, waɗanda suka tsira su ne 'yan ƙungiya, a ba su ɗaki da abinci.

Watan nan na tsakani namu ne, mu 'yan kallo. Da la'asar benci biyun da ke gaban rumfata sukan cika, mu ɗauki yaran ɗaya bayan ɗaya mu yi musu filla-filla. Wannan yana da gudu amma ba kai. Wancan an rage masa shekaru, ga gemu nan yana leƙowa. Mutanen da ko katanga ba su iya tsallakewa, su ne ke yanke wa ɗan mutane hukunci, ni kuma ina kan gaba.

A shekarar da nake magana, ɗan yayata yana cikin waɗanda aka zaɓa. Yana ɗan shekara bakwai ya faɗo daga kan mangwaro a gidan kakarsa a Ngong, cinyar hagu ta karye. Maɗori ya yi ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar ta gajarce da kaurin ɗan yatsa. A tafiya ba a gani. Sai ya daɗe yana gudu ƙugu ke fara yi masa ciwo. Da ya sami takalmin ƙwallo na farko, godas kamar yadda muke kiransa, ya kawo mini a cikin leda lokacin da ba kowa a rumfa.

Ya ce, "Kawu, ka ƙara mini tudu a na hagu. Amma don Allah daga ni sai kai."

Na ce masa, "Wa zan gaya wa? Je ka, gobe ka dawo."

Ban taɓa yin aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba. Na yanko fata daga wata tsohuwar jaka, na jera ta hawa uku, na fiƙe ta ta yi kauri a dunduniya ta sirance wajen yatsu, na liƙe a ƙarƙashin shimfiɗar ciki. Ko ka riƙe takalmin a hannu, sai ka san abin da kake nema za ka gane. Shekara uku ina sabunta masa ita, ba wanda ya sani.

Cikin masu zama a bencina akwai wani tsohon akawun kamfanin auduga da aka sallama. Yana da Faransanci a baki da tsohuwar jarida a hamata, kuma ni da shi ba mu taɓa yarda a kan abu ɗaya ba. Abin haushin shi ne, ranar da abin ya faru yabon yaron yake yi.

Ya ce, "Ku dubi yadda yake tsayawa in zai buga balo. Ekilibir ke nan. Jikinsa daidai yake kamar an ɗora a ma'auni. Wannan ba a koyar da shi, haihuwarsa aka yi da shi."

Na ce, "To, ba duka ne haihuwa ba."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, kai naka gam ne da zare. Bar wa masu ido maganar."

Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta cinye ni. Ga aikina ana yabo a gabana, ga ni an mai da ni abin dariya. Na ajiye basilla na ce, "Daidai ɗin da kake gani, ni na yi shi da hannuna. Ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta. Je ka ɗaga shimfiɗar godas ɗinsa ka ga aikin gam da zare."

Ba wanda ya sake dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, amma daɗin bai kai tsawon numfashi uku ba. Na ce musu maganar ta tsaya a nan, kowa ya ce ai ba komai. Cikinsu kuwa akwai mutum biyu masu moto, wato babur ɗin haya, da ke yini suna ɗaukar fasinja suna hira da su.

Washegari a wurin atisaye na ga abin da ya ba ni tsoro. Mutanen da suka yi mako biyu suna kallon yaron ba su ga komai ba, yanzu kowa ya ga ɗingishi. In ya juya, su taɓa juna. In ya rasa ƙwallo, su ce ka gani ko. Wallahi ni kaina sai na fara ganin kamar yana karkacewa, alhali na san gudunsa bai canza ba. Kafin mako ya ƙare wani ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo ya kira shi gurgu. Yaron ya tsaya cak a tsakiyar fili, ya dubi ƙafarsa.

Mai horarwa ya kira shi gefe, ya sa ya cire takalmi ya kwanta a kan benci, ya haɗa dugadugansa biyu ya duba. An ce bai yi faɗa ba. Cewa ya yi ƙugun ba zai jure shekaru ba, ƙungiya kuma ba za ta reni wanda zai karye mata a hanya ba. Da aka liƙa takarda ta biyu, sunansa ba ya ciki.

Na sha gaya wa kaina cewa wataƙila mai horarwar gaskiya ya faɗa, ko ban yi magana ba wata rana ƙugun zai tona kansa. Yana yiwuwa. Amma da ƙugun ne ya tona, da na iya haɗa ido da yayata. Kwana goma ban taka gidanta ba.

Yaron ne ya zo ya same ni, da la'asar, benci a cike. Da jakarsa a kafaɗa, zai tafi Lagdo wurin ƙanen ubansa mai bandar kifi. Ya gaida kowa, ya durƙusa kusa da ni.

Ya ce, "Kawu, na gane wanda ya yi mini wannan. Yaron nan ne ɗan garin Tuboro da aka zaɓe mu tare, wanda muke ci kwano ɗaya. Ya taɓa ɗaukar godas ɗina yana jujjuyawa. Jiya na same shi a gaban mutane na gaya masa shi maci amana ne. Har kuka ya yi yana rantsuwa, ban saurare shi ba."

Ba wanda ya motsa a kan benci. Akawun ya sauke jaridarsa ya zuba mini ido, yana jira. Duk su ma jira suke.

Yaron ya ce, "Shekara uku ka riƙe mini sirrina, Kawu, ko Inna ba ka gaya wa ba. Na zo in yi maka godiya kafin in tafi."

Akwai zare a bakina. Na cire shi a hankali, na dubi ɗan yayata, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba. Na ce masa, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce amin, ya tashi ya nufi tasha.