Motar da za ta kai Inna Makka

Ina da shekara arba'in da shida na koyi rubuta sunana, a ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa mata a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Lissafi ne ya fi zauna mini. Kafin shekara biyu na zama mai duba takardun auduga na rabin unguwa, kuma kaina ya kumbura. Wannan nake so a fara sani.

A shekarar nan ƙanena ya dawo daga Saudiyya bayan shekara goma sha ɗaya yana tuƙi. Bai dawo da kuɗi ba, da mota ya dawo. Balaraben da yake wa aiki ne ya ba shi ita a madadin sallama, ya sako ta a jirgin ruwa har Sawakin, ya tuƙo ta har ƙofar gidanmu. Irin motar da suke fita shan iska cikin sahara ce: akwai gado a ciki, da murhu, da famfo, har da ɗan makewayi. Garin gaba ɗaya ya zo kallo.

Inna ta shiga ta zauna a kan gadon, ta shafa labulen taga. Kakanninta da ƙafa suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a nan Jazira ta ƙasar Sudan, suka ce bari su yi noman shekara ɗaya. Har yau muna cikin wannan shekarar.

Ta ce, "Da sun samu irin wagga, da yanzu a Makka anka haife ku."

Ƙanena ya ce, "Ita ce za ta kai ki, Inna. Sayar da ita zan yi, ki tafi bana."

Masu saye biyu suka fito. Ɗaya ɗan kasuwa ne daga Habasha, dillali ya kawo shi ta Damazin, yana son ya tsallaka da ita ƙasarsu inda ake ba baƙi masu yawon buɗe ido haya. Ya ce da riyal zai biya. Ɗayan attajiri ne daga Managil, shi kuma da jine, kuɗinmu na Sudan. Aka zauna a gindin darbejiya bayan la'asar. Ba wanda ya kira ni. Na yafa mayafi, na ɗauki littafin aji da fensir, na je na tsaya a kansu.

Na tambayi nawa ake canjin riyal a ranar, na buga. Tayin mutumin Managil ya ɗan ɗara na Bahabashen. Na buga sau biyu, daidai ne.

Ƙanena ya ce a hankali, "Yaya, kuɗin hajji da riyal ake auna shi. A bar shi a riyal. Na ga yadda jine yake yi, duk wata in na aiko gida sai in ga ya ƙara sauƙi."

Na ce, "Ka gani da me? Shekara goma sha ɗaya kana jan motar Balarabe, ko sunanka ba ka iya rubutawa. Ga lissafi a takarda. In ka iya, karɓi fensir ka nuna mini inda na ɓata."

Na miƙa masa fensirin a gaban dillali, a gaban baƙi, a gaban surukinsa. Bai karɓa ba. Mutumin Managil ya yi dariya ya ce, "Wallahi Hajiya ta fi ku kai." Daɗin maganar nan ya ratsa ni har ƙafa. Ƙanena ya kalli ƙasa ya ce, "Halas, shi ke nan. Yadda Yaya ta ce."

Da kuɗin suka zo, Inna ta ce a mai da su awarwaron zinariya ko a sayi tumaki, kamar yadda matan nan suke yi tun kafin a haife ni. Ba mai barin takardar kuɗi ta kwana biyu a hannunta. Na ce wannan dabarar mutanen da ce, malamarmu ta koya mana ajiya a banki. Ni na cike takardar da hannuna, ina jan kowane harafi don ma'aikacin ya gani.

Saura wata biyar a buɗe rajistar alhazai. Cikin watannin nan jine ya zube. Ba sai an gaya mini ba, a kasuwar Hajj Abdalla na gani: abin da na sayi kwalbar mai da shi wannan Laraba, wata Laraba rabi yake ba ni. Kullum ina cewa darajar jine za ta dawo. Lambar da ke littafin banki tana nan yadda na rubuta ta, ba ta ragu da ko ɗaya ba.

Ranar da aka faɗi kuɗin kujera, na buga lissafi a bayan ɗaki. Bai kai rabi ba. Riyal ɗin Bahabashen kuwa da ya isa har da guzuri. Daga baya dillalin ya faɗa wa mijina cewa mutumin Managil bai yi sati da motar ba ya sayar wa wannan Bahabashen, da riyal.

Inna ta riga ta ɗinka jakar tafiya, ta zuba kuka da busasshiyar kuɓewa, ta zaga dangi ta nemi gafara. Na same ta tana tankaɗe.

Ta ce, "Ke mai karatu, mi takarda ta ce?"

Na ce, "Bai isa ba, Inna."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "To. Ɗauko jakar ki juye kukar, kar ta lalace. A yi miya da ita."

Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Ƙanena kuwa bai tsaya ba. Ya sayar da tumakin matarsa ya koma Saudiyya neman wani aikin tuƙin, ya ce cikin shekara biyu zai tara mata kuɗin kujera. Inna ba ta kai ba, ta rasu da damina ta biyu.

Da lokacin hajji ya zagayo ƙanena ya yi mata hajjin, tunda ya riga ya yi nasa. Ya aiko mini da saƙon murya daga Arafa, don bai iya rubutu ba. Hayaniya ta cika bayansa. Ya ce, "Yaya, na tsaya wa Inna. Na yi miki addu'a ke ma."

Na zauna zan rubuta masa amsa, na tuna sai ya nemi wanda zai karanta masa. Na danna wurin murya. Sau uku ina farawa ina gogewa, a na huɗu na ce, "Kai ne da gaskiya ran nan a gindin darbejiya. Ka yafe mini." Na sa mijina ya kunna wa surukin ƙanena, wanda a gabansa na kunyata shi, ya ji kafin in tura.