Tsohuwar Wuƙar Mahauci a Hannun Chundung

Duk wanda ya taɓa bi ta Gada Biyu da yamma ya san ƙamshin kifin Chundung, ko da bai san sunanta ba. Ta fi shekara ashirin tana gashi a gaban shagon ɗinkina, hayaƙinta yana shiga yadukan mutane, ni kuma ina shan faɗan masu kaya. Mun yi rigima har muka gaji, muka koma aminai.

Mijinta Badung ne ke kawo mata kifin. Tun yana saurayi yake kamun karfasa a tafkunan da haƙar kuza ta bari a Naraguta, kuma ga shi da taurin kai a kan ci. A wurinsa in ba karfasa ba, to ba kifi ba ne. Tarwaɗa ko kallo ba ta ishe shi ba.

Bara ne ɓarin jikinsa ya shanye. Ya dawo daga asibiti haɗiya ta zame masa aiki. Ranar da Chundung ta fara ba shi kifi, ƙaya ta maƙale masa a maƙogwaro, sai da ta zura yatsa ta zaro ta, idanunsa sun kaɗa jajur. Daga ranar ya rufe baki. Ɗan kunu zai kurɓa ya kau da kai. Ya rame har ta kawo mini wandunansa in rage ƙugu, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Likita ya ce in bai fara cin abin kirki ba, za a zura masa robar abinci ta hanci.

Chundung ta san abin da zai ci: karfasa, amma ba ƙaya ko ɗaya. Matsalar ita ce mu nan ba ma fitar da tsoka daga ƙashin kifi. Gasawa ake yi sukutum, kowa ya tofar da ƙayarsa. Ita da ta tsufa a sana'ar ba ta taɓa yi ba, wuƙarta kuma ta kankare ɓawo ce kawai.

Ta je kasuwar Taminus ta sayo wata mai ƙyalli da ƙotar roba. Kafin mako ya zagayo baki ya dakushe, ƙota ta cire. Sai ta nufi Abbatuwa wurin Malam Usumanu mahauci, ta ce tana son wuƙa mai ƙarko wadda ba tsada. To mahauci in ka ce masa ƙarko, ƙashin sa yake hangowa. Ya kai ta wurin maƙerinsu, ya zaɓo mata wata mai kauri kamar adda, yana ta yabonta. Ta dawo gida ta gwada, kifin ya dagargaje, tsoka da ƙaya suka cakuɗe.

Washegari ta koma a fusace, ta dangwarar masa da ita a kan tebur.

"Malam Usumanu, wannan wuƙan naka bai yi ba sam. Na ce maka kifi, ka ba ni na kashe saniya!"

"Haba Maman Tina," in ji shi, don da sunan 'yarta ake kiranta, "wuƙar da jikokinki za su gada?"

Tana cikin masifa sai idonta ya faɗa kan wata siririyar wuƙa da yake yanke igiya da ita. Ta ɗauka, ta danna bakin a kan tebur, ta ga ya lanƙwashe ya dawo.

"Wannan fa?"

"Wannan ai ta gama aiki," in ji shi. "Tun ina yaron mahauta nake wasa ta, dutse ya cinye ta. Wuƙar da ke lanƙwasa ai abin kunya ce a nan."

"Ba ni abin kunyan."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce ta ɗauka, in ta gasa kifi ta aiko masa.

A gabana ta gwada. Ta kwantar da karfasa, ta tsaga bayan kai, bakin wuƙar ya bi ƙashin baya yana lanƙwasa tare da shi, tsoka ta fito fal-fal kamar ƙyallen aljihu. Ta farko ta ɗan yage, ta biyu ta fito lafiya. Ta bi ta da yatsa tana lalube, ta yanke layin ƙananan ƙayoyin tsakiya ta yar. Sannan ta dafa da ɗan romo, ta rufe a kwano ta tafi, ta bar mini gadin murhu.

Ta jima ba ta dawo ba, har na fara tsorata. Da ta dawo sai ta zauna a kan bencina, kwanon yana cinyarta.

"Maman Tina, yaya?"

Ta buɗe mini kwanon. Wayam.

"Ya daɗe yana juya loma na farko a baki, yana nema ƙaya, bai samu ba," in ji ta. Sai hawaye, sai dariya, duk a haɗe. "Da ya gama, ka san me ya ce mini da wannan karkataccen bakin nasa? Wai yaji ya yi kaɗan, gobe in gyara."