Gicciyen Azara

Sesugh kafinta ne a Gashuwa. Daga Binuwai ya zo tun yana da sauran gashi a ka, ya kafa rumfa kusa da tasha, yana yin benci da ƙyaure. Ba shi da yawan magana, a coci ma kujerar baya yake zama. Idan Ista ta zo kuwa, aiki biyu ke kansa: shi ke kula da gicciyen da ake wasan tuna wahalar Yesu da shi, shi ne kuma babban soja mai bulala.

Gicciyen na falanki ne mara nauyi. Bana da ya ciro shi ranar Alhamis, sai ya tarar gara ta cinye shi. Ya duba rumfa, babu komai sai azarar giginya, ragowar rufin wani. Ya san nauyinta sarai. Ya haɗa, ya shafa fenti, bai gaya wa kowa ba.

Wanda aka ba matsayin Yesu shi ne Elnathan, abokin cin tuwonsa, wani siririn mutum mai kai bandar kifi Nguru.

Ranar Juma'a rana ta take, yashin harabar coci na ƙona ƙafa. Elnathan ya saɓa gicciye, ya yi taku kaɗan ya faɗi. Dama a wasan akwai faɗuwa, don haka mata suka ce bana an sami gwani. Sojoji suka yi masa ca, suna durƙusawa suna dariya. Sesugh ya fi kowa zaƙewa, don kada idonsu ya haɗu. Ya zuba masa igiyar kaba a baya.

"Tashi mana, ranka ya daɗe. Ba kai ne sarki ba?"

Ya'u mai garuwa, da ya kawo wa coci ruwa, shi ya ajiye kurar ruwansa ya ratsa taron. Ya ce shi bai san addininsu ba, amma wannan kafaɗa ta goce. Ya gwada ɗaga gicciyen, ya sake shi, ya tambaya wa ya ɗora wa mutum azara. Kowa ya san kafintan coci.

Aka tafi da Elnathan wurin mai ɗori. Sesugh ya tsaya da hular kwali a ka, igiya a hannu. Ranar Lahadi bai je coci ba.

Kifi kuwa ba ya jira, ƙwari za su shige shi. Ana gobe kasuwar Nguru Sesugh ya doshi gidan Elnathan. Dorathy, matar Elnathan, ta tare ƙofa.

"Soja, ka zo ƙarasa shi ne?"

Sesugh ya ɗaure kwalayen kifin, ya kai tasha a ka. A Nguru ya wuni a rana, dillalai na yi masa dariya don bai iya ciniki ba, har ya sayar. Haka ya riƙa yi duk mako.

Ran nan ya kawo cinikin, Elnathan na zaune kan tabarma, hannu a rataye. Sesugh ya ajiye kuɗin a gabansa.

Elnathan ya ce, "Ina ɗagawa na san azara ce. Bulalar ba ta dame ni ba. Jira na yi ta yi ka kalle ni."

Sesugh ya dubi ƙasa. Can ya tambaya ko kifin mako mai zuwa ya bushe. Dorathy ta nuna masa bayan ɗaki da baki, ya tashi ya je ya fara ɗauri.